Kassimu Tela da Laimar da Teku Ya Mayar

Ina cikin yanka wa wata mata yadi a shagon kafilina, ubangidan da ya tsaya min a takarda, da ke Bab Makka, ranar Laraba da hantsi, sai wayata ta yi ƙara. Bello ne, direban wurin wasan da Kassimu ke aiki a bakin teku, can arewa da Abhur. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Badaru, Kassimu ya rasu." Na ce wane Kassimu, alhali Kassimu ɗaya gare ni a duk Jidda. Ya ce sun tarar da shi zaune kan yashi, ya jingina da bangon rumfa yana fuskantar ruwa. Laimar nan rawaya tana gabansa a hure, an warware igiyoyinta an shimfiɗa su har bakin ruwa. Sai ya rage murya ya ce, "Kuma wallahi yau ko ganye ba ya motsi."

Kassimu mutumin Tsibiri ne, kusa da Maraɗi, tela ɗan tela. Ya zo umara a 1998 da 'yar jaka da almakashin mahaifinsa, bai koma ba. Iƙama kuwa, takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba. Shekara bakwai ya yi yana ɗinki a wani ɗaki a Bani Malik, in ya ji jiniya sai ya tsayar da keke ya yi tsit har ta wuce. A nan muka saba. Ni ina kai masa yadi, shi yana min tsiya wai shekara goma ina yanka ban taɓa yanka a miƙe ba.

Wata rana aka kawo masa wani yagaggen abu mai kama da tanti. Laima ce ta wasan teku. Ana hura ta da famfo, mutum ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya riƙe sanda mai dogayen igiyoyi huɗu, ya taka allo, iska ta ɗaga laimar sama ta riƙa jan sa bisa ruwa. Kassimu ya ɗinke ta har mai ita ya kasa gane inda ta yage. Kafin wata biyu mai wurin wasan ya ɗauke shi, ya ba shi rumfa da keke a cikin katanga, inda ba a tambayar kowa takarda.

Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, shi ya zama mai zaɓar wa mutane kaya. Ya fi son ranar da iska ta yi ƙaranci. Yakan ce in iska na kaɗawa da ƙarfi kowane sakarai ya iya zaɓe, ranar da ta yi rowa ake sanin mai ido. Sai ya ciro zare kamu ɗaya daga kan keke, ya riƙe shi a tsaye tsakanin yatsu biyu, ya zuba masa ido. In zaren ya karkata kaɗan, ya sauko da babbar laima marar nauyi, ya ƙara wa igiyoyin tsawo don ta kai can sama inda iska ta fi, ya ba da allo mai faɗi, wanda yake kira ƙyaure. Nauyin mutum kuma ba ya tambaya, don ya ce ƙarya suke yi. Tef yake zagaya wa cikin mutum kamar zai ɗinka masa wando. In zaren ya rataye bai motsa ba, ko ya nuna teku, ya ce kowa ya je ya sha shayi. Kuma duk wanda ya ba kaya sai ya koya masa abu ɗaya: in iska ta ɗauke kana can ciki, kada ka saki laima, naɗe igiyoyin a sanda a tsanake, ka rungume ta ka jira jirgi.

Cikin masu zuwa akwai Abdulghaffar, saurayi ƙato, haifaffen Jidda, jikan Hausawan da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta fito rabi da Larabci. Kawu yake ce wa Kassimu.

Ranar wata Alhamis a 2009, ana dab da la'asar, ya shigo rumfa yana haki.

"Yalla ya Kawu, akwai iska walla babu?"

"Akwai ta 'yan ƙanana. Kai da wannan tumbin sai dai a ɗaura maka jirgin sama."

"Haram alek, na rage kilo biyu!"

"A kunne ka rage su?"

Kassimu ya ɗaga zare. Ya karkata, kaɗan dai, amma ya karkata, kuma ba teku ya nuna ba. Ya sauko da rawayar nan, mafi girma a rumfar, ya ƙara igiya, ya ba shi ƙyaure. Zaɓen daidai ne. Duk wanda ya san aikin ya faɗa daga baya. Abdulghaffar ya tashi lafiya lau, ya yi nisa, yana ihu don daɗi. Su biyu ne kawai a bakin ruwan, sauran sun fid da rai da iska sun tafi cin abinci cikin gari, har da mai wurin da Bello.

Sai iskar ta ɗauke gaba ɗaya. Kassimu yana kallo laimar ta yi lilo, ta sauko a hankali ta kwanta kan ruwa, can nesa, 'yar rawaya kamar ɓawon lemo. Ruwan yana janta can cikin teku.

Lambar masu gadin teku tana manne a bangon rumfa da jan fenti. Wayarsa tana aljihu. Ya ciro ta, ya tuna abin da za su fara tambaya in sun iso, sai ya kira ni, ni mai takarda, in kira su. Ni kuwa an rufe shago don salla, wayar tana ciki. Sau goma sha ɗaya ya kira. Ya kira mai wurin bai ɗauka ba. Sai ya fita titi da gudu yana neman wanda zai ara masa baki ya kira su. Kafin jirgi ya shiga ruwa an fi awa guda. Kwana uku ana nema, ba a ga mutum ba, ba a ga laima ba. Da aka tambayi mai wurin, ya ce an kira nan take, Kassimu kuma yana ɓoye bayan rumfa bai ce komai ba.

Tun daga nan ya fara zuwa gaida mahaifiyar yaron, Hajiya Saudatu, a benen da take zaune, kowace Juma'a bayan masallaci. Ta san shi a matsayin Kawun da ɗanta ke ba da labari. Takan ba shi gahawa da dabino, ta ce, "Kai ne ka gan shi na ƙarshe, malam. Yana dariya?" Ya ce yana dariya. Ya sauko ya zo wurina ya zauna bai iya shan ruwa ba.

Bayan wata takwas wasu masunta suka kawo laimar. Rana ta cinye launinta, ƙananan kifaye sun mutu a cikin ninkinta. Kassimu ya juya ta, sai ya ga sandar. Igiyoyin huɗu a naɗe suke tsaf, zagaye bisa zagaye, an ƙulle bakin da irin ƙullin da shi kaɗai yake koyarwa. Naɗin nan ba ya yiwuwa cikin firgita. Mutum ne mai rai, da hankalinsa, ya zauna cikin ruwa ya yi abin da Kawu ya ce, sannan ya jira jirgi.

Bai warware su ba. Ya rataye sandar a saman keke. Ya daina sauko da manyan laimomi, har mai wurin ya fara yi masa faɗa, wai don ranar ƙarancin iska aka ɗauke shi. Ya gaya min ranakun da teku ya kwanta kamar faranti, in ya ɗaga zare, sai zaren ya miƙe ya nuna ruwa, alhali gumi na tsaye a goshinsa ba abin da ke taɓa shi. Na ce gajiya ce. Ya ce to zo ka gani. Na je wata Alhamis da azahar, tutar wurin a rataye kamar tsumma. Ya ɗaga zaren. Ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Na dai ce masa mu koma inuwa.

Likita ya ce zuciya ce. Mun yi masa sutura washegari, 2011, shekararsa arba'in da shida. Ba ya da kowa a nan sai mu.

Juma'ar da ta biyo na hau wurin Hajiya. Na gaya mata komai, da lambar da ke bango, da wayata da ke kulle a shago, da igiyoyin. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Kayan da ya ba shi, na kirki ne?" Na ce babu wanda ya fi su a rumfar. Ta gyaɗa kai. Ta zuba gahawa finjali biyu, ta tura min ɗaya, ɗayan ta ajiye inda Kassimu ke zama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na hau benen ne saboda ranar Talata, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, ya biyo ta shago bayan la'asar, ya tsaya yana shafa wani farin yadi bai kalle ni ba.

"Badaru, gata, ranar Juma'a, zan gaya wa Hajiya."

"In ta kai ƙara fa? Su kama ka su sa ka a jirgi."

"Su sa. Ko ba komai na ga Tsibiri."

"To Allah ya sa a dace."

"Amin. Amma ka san bakina. In na zauna na ga fuskarta na kasa, kai za ka ƙarasa?"

"Ni dai zan raka ka, in tsaya a bakin ƙofa."

"Ba ƙofa na tambaye ka ba."

Na ce, "Zan ƙarasa."

Ya saki yadin, ya sa takalminsa. "To ka karya da kyau, malalaci. Hawa huɗu ne, kuma babu lif."