Hankaka Biyu a Gonar Habila

Duk wanda ya san Inkil, a gefen garin Bauchi, a 'yan shekarun nan ya san Habila Direba, dattijon nan gajere mai tabarau ɗaure da zare. Da can a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa ake samun sa a kan kujera, riƙe da littafi mai kauri kamar bulo. Yanzu dalbejiyar tana nan, kujerar tana nan, amma littafin babu, kuma in ka tambaye shi dalili sai ya kama yi maka zancen damina.

Ɗan manomi ne daga kudancin jihar Bauchi. Ya gama firamare ya gudo birni don ba ya son fartanya, ya yi karen mota, ya zama direba, har Allah ya haɗa shi da wani Bature ɗan ƙasar Nowe mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, wanda ke zaune a GRA. Aikin direban babban mutum kuwa rabinsa jira ne. Maigida ya shiga ofis, kai kuma ka zauna a mota kana korar ƙuda. Wata rana Baturen ya ga Habila yana karanta tsohuwar jaridar da aka ƙunshe ƙosai da ita, sai ya miƙa masa littafi ɗaya daga cikin nasa. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali guda cike.

Littattafan duk na kisan kai ne, an mayar da su Turanci daga harshen mutanen can. Za a tsinci gawa cikin ƙanƙara, a kira wani ɗan sanda mai baƙin rai wanda matarsa ta gudu, shi kuma ya lura mai kisan ya bar alamu irin na addinin kakanninsu. Kafin bishara ta je musu, ashe su ma suna da abin bautarsu, wani tsoho mai ido ɗaya da hankaka biyu masu kawo masa labarin duniya. Ana rataye masa hadaya a bishiya, ana sassaƙa rubutunsa a jikin itace. Wannan abu ya kama Habila ƙwarai. Ya ce ashe Bature ma kakansa ya yi tsafi, amma ake ta yi wa kakan baƙar fata gori. Tun daga nan ya daina ganin abu a yadda yake. Ko takalmin yaro ya gani yashe a hanya, sai ya tsaya ya gyara tabarau.

Matarsa Liatu takan ce, "Baban Gift, da karatun nan naka na Littafi Mai Tsarki ne, da yanzu kai ne fasto."

Da ya ajiye tuƙi suka bar gidan haya a unguwar Ɗan Iya suka koma Inkil, inda ya yi ɗan gini, ga 'yar gona a baya. Maƙwabcinsa Bakari ne, Bafulatanin da ya daɗe da zama wuri ɗaya, dogo, mai ƙarancin magana, yana da shanun da ba su kai garke ba. Wata tsohuwar bishiyar maɗaci ce iyaka tsakanin gonar Habila da shingen shanun. Zama ya yi daɗi. Kullum da safe Azumi matar Bakari za ta kawo wa Liatu kindirmo a 'yar ƙwarya, da Kirsimeti shinkafa ta haura katanga, da layya nama ya hauro. Da la'asar kuwa Bakari ya zo ya tsuguna a gindin dalbejiya, Habila ya yi ta zuba masa labarin littattafan da Hausa. A duk duniya Bakari ne kaɗai ke sauraronsa har ƙarshe, kuma Habila ya san haka, shi ya sa yake ji da shi.

Wata rana da aka zo kan tsohon nan mai ido ɗaya, Bakari ya ce, "Malam Habila, hankakan nan nasa, ba su cin shukan mutane?"

Habila ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai dai Bafulatani! Ana zancen asiri kana zancen shuka."

A daminar da abin ya faru, Habila ya shuka masara da gyaɗa, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake leƙa gonar ba. Safiyar da ya fara samun ƙarfin fita, ya ji ihu daga bayan gida. Mansir ne, wani bawan Allah mai yankan ciyawa yana sayarwa, aka tarar kwance a gindin maɗacin babu rai, jini a hancinsa da bakinsa, laujensa a gefe. Jama'a sun taru, 'yan'uwansa na kuka suna neman a ba su shi su yi masa sutura kafin azahar. 'Yan sanda suka zo da wani Sufeto Obadiya.

Kowa gawar yake kallo, Habila kuwa ya ɗaga kai sama. Hankaka biyu matattu na rataye a reshe, an ɗaure ƙafafunsu da igiya, kai a ƙasa. Jikin bishiyar kuma duk sara ne, a tsaye da a karkace. Gabansa ya faɗi. Amma gaskiya ita ce har da daɗi a cikin faɗuwar gaban nan, don ya ga ranar da ya daɗe yana jira ta zo.

Ya kutsa cikin jama'a ya ce, "Sufeto, kada ku yi gaggawa. Wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce. Dubi tsuntsayen can, dubi rubutun da ke jikin itacen. Na karanta irinsa. Aikin tsafi ne, kuma wanda ya rataye su ya san abin da ya sami mutumin nan."

Sufeto ya ce, "Wa ya rataye tsuntsayen nan?"

Bakari na tsaye a gefe da sandarsa a kafaɗa. Ya ce, "Ni ne."

Magana zarar bunu ce, kuma kalmar tsafi a bakin dattijo mai tabarau, wanda ya yi aiki da Bature, ba wasa ba ce. Nan da nan taron ya fara guna-guni. Wani ya tuna ya taɓa ganin Bakari da ƙullin magani, wata ta ce dama shirunsa ya yi yawa. Sufeto ya ga in ya bar Bakari a wurin za a yi aika-aika, ya sa shi a mota. Aka wuce da gawar asibiti, 'yan'uwan Mansir na bin motar da kuka. A lokacin ne Habila ya tuna tambayar nan ta Bakari game da hankaka, sai ya ƙara gamsuwa. Ya shiga gida yana girgiza kai, wai shi mai baƙin ciki.

Liatu ta dube shi ta ce, "Baban Gift, ƙwaryar Azumi ce a hannuna, ban ko wanke ta ba. Me ka je ka yi?"

"Gaskiya na faɗa, Maman Gift. Ke ba ki san waɗannan abubuwa ba."

Washegari aka kira shi ya ba da bayani. Ya saka rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki littafi guda ya maƙale a hammata, har da 'yar takarda a shafin da zai nuna. Ya tarar da Bakari zaune a benci, babu hula, babu sanda, idanunsa ja. Sufeto Obadiya bai ko kalli littafin ba.

Ya ce, "Baba, likita ya duba mamacin. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu, ita ke sa jinin nan. An ba danginsa shi, sai yau za su binne shi. Saran jikin itace kuma sassaƙen maɗaci ne, Bakari ke jiƙa wa shanunsa." Ya juya wurin Bakari. "Malam, maimaita wa Baba abin da ka gaya mini kan tsuntsayen."

Bakari bai ɗago ba. Ya ce, "Hankaka ya sauka gonan Malam Habila, yana tone masara. Shi yana kwance ba lafiya. Na harbi biyu na rataya, sauran su gani su gudu."

Sufeto ya ce, "Baba, na ji Hausarka, ni ma daga wajenku nake. Babanka bai taɓa rataye hankaka a gona ba?"

Ya taɓa mana. Nan take Habila ya ga gonarsu a gindin dutse, ya ga mahaifinsa tsaye a kan turmi yana ɗaure hankaka a reshen ɗorawa, shi kuma yana ƙasa riƙe da ragowar igiyar. Kowace damina suna yi. Abin da ya sani tun kafin ya iya ɗaura wando, shi ya kalla ya ce tsafin mutanen ƙanƙara ne. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ga littafin nan a hammata ya rasa inda zai kai shi.

A bakin ƙofa ya tare Bakari, ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Bari in tsayar mana da keke."

Bakari ya ce, "Ba komai, Malam Habila. Zan taka." Ya taka ɗin kuwa.

"Ba komai" ɗin Bafulatani ta fi zagi ciwo, don ba ta bar maka inda za ka kama. Bakari bai daina gaida shi ba, bai canza fuska ba, sai dai bai sake tsugunawa a gindin dalbejiya ba. Liatu kullum tana cewa, "Ka je ka durƙusa masa, ƙafarka ba za ta karye ba." Habila ya ce gobe. In ya hango Bakari tafe sai ya shige gida kamar wanda ya manta wani abu. Ita dai Liatu ta je ta yi kuka a ɗakin Azumi, ta dawo da labarin da ya fi komai zafi: mutanen gari sun ji an kama Bakari, amma ba su damu da jin dalilin sakinsa ba. Azumi takan kai nono talla ta dawo da shi, ana cewa na gidan matsafa ne. Yara sun fara jifan shanun. Habila ya bi majalisu yana cewa shi ne ya yi kuskure, aka ce masa, "Baba, kai mutumin kirki ne, rufa masa asiri kake yi."

Masara kuwa ta yi kyau a shekarar irin kyan da ba ta taɓa yi ba. Ranar da Liatu ta gasa ta farko ta ajiye masa, ya gutsura ya kasa haɗiyewa. Ya miƙe ya zagaya bayan gida, wannan karon bai tsaya ba sai a shingen Bakari.

Ya tarar an tuge turakun maruƙa, ana ɗora tabarmi da ƙorai a bayan a-kori-kura. Za su koma wurin 'yan'uwa a gefen Alƙaleri.

Habila ya durƙusa a kan kashin shanu, da tsufansa da komai. Ya ce, "Malam Bakari, na ci amanarka. Ka tsare mini gona, ni na kai ka ɗaurin 'yan sanda. Ka yafe mini, don Allah kada ka tashi."

Bakari ya kama hannunsa ya ɗaga shi da sauri, shi ma kunya ta kama shi. Ya ce, "Tashi, Malam Habila, babba ba ya haka. Ni na yafe tun a benci. Amma nono ba ya sayuwa, yara kuma za su ci abinci." Ya dubi maɗacin. "Baɗi ka rataya da wuri, kafin tsiro ya fito. Ɗaya ma ya isa."

Kwalin littattafan yana ƙarƙashin gado har yau. Bai ƙone su ba, ya ce su ba su yi ƙarya ba, labarin ƙasarsu suka bayar. Wani mai buga bulo ya sayi filin Bakari, ya sare maɗacin.

Da damina ta zagayo, hankaki suka sauka a gonar tun ranar shuka. Liatu ta ce a samu mai bindiga ya harbo ɗaya, Habila ya ce a'a. Tun daga lokacin, in ka bi ta bayan gidan da hantsi za ka gan shi zaune a kan dutse a tsakiyar gona, rana na dukansa, yana buga tsohon gwangwani da sanda. Hankakin su tashi su ɗan zagaya, su dawo su sauka a bayansa.