Inna a bayan waya

Shekarun baya, lokacin da na fara rainon dashen mangwaro da gwaba a ƙauyenmu, can wajen Dawakin Tofa, mahaifina ya yanka min ɗan gefe a gonarsa. Ya ce, "Damina ɗaya na ba ka. In ba ka sayar ba, gero zan mayar wajen."

Dashe ya yi kyau, masu saye ne babu. Abokina da ke aiki a birni ya ce in riƙa ɗaukar bidiyo ina sakawa, mutane su san fuskata, su san kayana. Na ce wannan ai wasa ne, ni da ba a ƙure ni da surutu a majalisa.

Ashe da sauran aiki! Na jingina waya jikin bokiti, na tsuguna, na yi sallama. Shiru. Na ce ina kwana, ina gajiya, ya iyali, bayan kowace gaisuwa ina dakatawa a amsa, yadda aka koya mana tun muna yara. Wallahi ji na yi kamar na shiga gidan mutane an share ni. Gumi ya karyo min, har na manta sunan mangwaron da ke hannuna. Na tura wa abokina bidiyon, ya kira ni yana dariya har da tari: "Malam, gaisuwa ka je yi ko talla? Ina dashen?"

Haka na yi ta ɗauka ina gogewa. Damina ta yi nisa, saiwoyin dashen sun fara huda ledojinsu. Mahaifina in ya zo wucewa sai ya kalli wajen, ya yi gaba. Tsoro ya kama ni sosai.

Wata safiya mahaifiyata ta zo tsinkar zogale, ta tarar da ni ina gaida bokiti. Ta ce, "Kai da wa?" Na yi mata bayani. Ta ce, "Yo ina laifinka? Wa zai saki baki da wanda bai amsa sallama ba? Sake."

Ta zagaya bayan wayar ta zauna. Na yi sallama, ta amsa. Sai ta hau ni da tambaya: "Wannan ɗan tsiron, shekara nawa kafin in sha? In akuya ta cinye fa?" Ni kuwa na zage ina kare kayana, na manta ana ɗauka.

Ban iya yanke muryarta ba, haka na saka shi. Mutane suka yi ta amsa sallamar a rubuce, wasu na cewa a gaida Inna. Wani malamin Islamiyya daga Gezawa ya zo da a-kori-kura ya ɗebi dashen da zai sa a harabar makarantarsu, wasu ma suka biyo baya. Bayan girbi, mahaifina ya taka da ƙafarsa ya ƙara min fili har gindin tsamiya.

Yau ni kaɗai nake bidiyona, ko gezau. Na gane dama ba baki na rasa ba, mutum nake nema a gabana, Inna kuwa ta ajiye zogalenta ta zauna min. Duk sanda na tuna sai in ji ƙwalla. Allah Ya ja kwananta, Ya saka mata da Aljanna.

Kwanaki na roƙe ta ta dawo gaban waya ko sau ɗaya, masu gaishe ta su gan ta. Ta ja mayafi ta ce, "Allah Ya sauwaƙe! Ni in yi magana da wannan abin? Kai dai da ka iya, je ka yi."