Takalmin da Iya Sabitiyu ta rataya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Iseyin daga Okeho ya san Iya Sabitiyu mai itace. In idonsa bai gan ta ba, kunnensa ya sha ta. Gajera ce, busasshiya kamar kayan sayarwarta, kuma ba a taɓa jin ta gai da mutum ba tare da ta haɗa masa da ɗan abu mai ɗaci ba. Mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu: ɗan fili a bakin titi, da ƙanensa Akanmu mai gyaran keke a maƙwabta. Filin tana so. Akanmu kuwa, da ana mayar da gado, da tuni ta kai wa mamacin abinsa har bakin kabari.

Da yake matar gida ba ta kiran dangin miji da suna, tun tana amarya ta laƙaba masa Farin Haƙori. Yau ba abin da ya rage a bakin Akanmu sai dasashi da wasu guntaye masu launin goro, amma ba ta fasa ba, ta ma fi jin daɗin kiran a cikin jama'a. Shi kuma ya ce mata "matarmu", yana jan kalmar, don ta tuna ita da filin duk na gidansu ne.

Kullum da safe takan shiga daji, ta bar tulin itacen ba mai gadi. Ale ɗinta, wato asirin tsare kaya, shi ke gadi. Sanda ce ta kafa a tsakiyar tulin, ta ɗaure mata guntun tsintsiya da totuwa da tsohon takalmi, ta tofa musu magana: wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, a ja rayuwarsa a ƙasa kamar takalmin nan, a taka ƙazanta da shi, a yar. Mai saye ya ɗauki dami ya sa kuɗi ƙarƙashin dutse ya wuce. Liman bai taɓa ba, fasto bai taɓa ba, har 'yan tasha da ke iya sace wa mutum hula yana atishawa, in sun zo gun sai su sa hannuwa a aljihu. Haka ta yi shekara da shekaru, ko tsinke bai ɓata ba.

Sai wata damina ruwa ya yi gaba da sandar da komai nata. Tsintsiya da totuwa ba su da wuya. Tsohon takalmi ne babu, don satin nan ta sayi sabon silifas, tsofaffin kuwa ta hura wuta da su saboda ƙyashin sayen kananzir. Tana cikin dube-dube ta hango takalmin fata ƙafa ɗaya a kan katangar Akanmu, ya wage baki kamar tarwaɗa. Ta ce a ranta wannan ai shara ce. Ta miƙa hannu ta ɗauke, ta rataya, ta tofa masa maganarta da ƙarfi fiye da na da.

Ashe takalmin Juma'arsa ne, ya ajiye yana jiran mai ɗinki ya gifta.

Da ta dawo daga daji ta tarar da shi tsaye gaban tulin, ɗayar ƙafar a hannunsa. Yana kallon abinsa yana lilo a iska, amma bai kai hannu ba. Wa zai kai?

"Matarmu, sannu da aiki. Takalmin nan a wace kasuwa kika saya?"

"A kasuwar da ka sayar da haƙoranka, Farin Haƙori. Matsa, kana tare mini masu saye."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya taka a hankali zuwa rumfar mai amala, inda direbobi ke cin abincin rana, ya zauna ya tambaye su kamar mai neman fatawa. Ya ce in an ɗaura ale da kayan sata, an ce tsinuwa ta bi wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, to wa za ta fara bi? Kuma in ta riga ta ci rabonta a gida, me ya rage wa na waje?

Kafin la'asar maganar ta zaga gari. Washegari Iya Sabitiyu ta dawo ta ga dami biyu sun yi ƙafa, ƙarƙashin dutse ba komai sai ganyen da aka ci eko, wato agidi, a ciki. Ta tsaya a tsakiyar titi ta zagi mutanen Okeho gida-gida, har da waɗanda suka mutu. Kashegari rabin tulin ya tafi, da rana tsaka. A hanyar daji kuma kututture ya fasa mata babban yatsa, ƙafar ta kumbura, matan unguwa suka riƙa zuwa dubiya suna kallon ƙafar suna kallon juna. Ta kore su da muciya. Amma da ta rage ita kaɗai, ta daɗe tana duban yatsan nan, maganar da ta tofa da bakinta tana dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Da safe ta kwance takalmin, ta wurga shi cikin rumfar Akanmu har ya faɗa a kwanon baƙin mai. Ta cire silifas ɗinta na dama ta ɗaure a sandar, ta buɗe baki za ta fara tofi.

"Yi a hankali, matarmu," in ji Akanmu daga ƙarƙashin keke. "Wanda ya sata ya zama kamar wannan? Sabo fil, yana ƙyalli? Ai ni zan fara ɗiba."

Ta fasa tofin. Ta kwance silifas ɗin ta mayar ƙafa.

Tun daga ranar ba ta ƙara shiga daji ba. Sari take yi a hannun matan ƙauye, ribar ba ta wuce ta gishiri da barkono ba, ita kuma tana zaune a gindin tulin tun safe har magariba, tana bin kowane mai wucewa da ido kamar ta kama shi da dami a ka. In ta tashi zagayawa sai ta bi kan kwalta tana jan ƙafar dama, ƙiii, ƙiii, don silifas ɗin ya yi saurin tsufa. Shi kuwa irin mai taurin nan ne, ko gezau bai yi ba.

Takalmin Akanmu, mai ɗinki ya duba ya ce ya wuce gyara. Yanzu yana rataye a ƙusa a bakin rumfarsa, daidai inda za ta riƙa gani. Ya aika mata cewa kyauta zai ba ta, a gaban shaidu, ale ɗinta ya dawo da ƙarfinsa ta koma dajinta. Sharaɗi ɗaya ne, ta bar wannan suna.

Ta saurari ɗan aiken har ya gama. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta jira motar Iseyin ta tsaya cike da fasinja.

"Farin Haƙori! Ka kwana lafiya, uban gidana? Yi musu murmushi mana!"

Ta juya ta hau kwalta, ƙiii, ƙiii.