Ƙullin Yaya Falmata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna aji, malamar lissafi tana rubutu a allo, wata ɗaliba ta leƙo ta ce ana kirana a ofishin shugabar makaranta. Da na shiga sai na tarar da Kawu Modu a zaune, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa yadda ya saba ba. Ya ce, "Yagana, je ki ɗauko hijabinki. Allah ya yi wa Falmata rasuwa." Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kuma ba wanda ya aiko mini don kada a raba mini hankali ga jarrabawa. Ya goya ni a babur muka kama hanyar Kunci. Kafin mu isa ƙauyen an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba.

Yaya Falmata yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Ta bar mijinta Malam Isa da yara uku: Jidda da ta shiga firamare bana, Abba da bakinsa bai gama nuna ba, da Ummi da ke shan nono. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da yawan magana. Amma na zauna a zaman makokin nan na ji mata suna cewa, "Allah sarki, baiwar Allah, ba ruwanta da kowa," alhali a cikinsu akwai waɗanda suka hana 'ya'yansu taka ƙofar ɗakinta. Shi ya sa na ɗauki biro. Yaran nan za su girma su iya karatu, ina so su tarar da wannan kafin wani ya ba su labarin uwarsu yadda ya ga dama.

Kakanninmu fatauci ya kawo su daga Borno tun kafin zuwan Turawa, suka sami gona suka zauna. Yau babu mai jin Barbarci a gidanmu, sunaye kawai suka rage mana. Duk da haka, tun ranar da aka kai Yaya gidan Malam Isa, ba ta da suna a bakin Gwaggo Talatu sai "Babarbariyar nan". Gwaggo Talatu yayar Malam Isa ce, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Yara ke ce mata Gwaggo, mu ma muka bi bakinsu.

Yaya ta koyi saƙa tun tana firamare a wurin wata malamarsu. Alluranta guda biyu sifok ɗin tsohon keke ne, Malam Isa ya goge mata bakinsu a dutse. Ranar kasuwa takan ba da saƙo a sayo mata tsohuwar suwaita a gwanjo, ta warware ta, ta wanke ulun, ta shanya. Ba sana'a ta ɗauke ta ba, ba ta taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. In ta gama wanke yara, ta ba su kunu, ta ɗora sanwar rana, sai ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, Ummi a cinya, Abba yana jan ƙwallon zare tana ƙwacewa, hannunta yana tafiya. Rigar sanyin da Jidda ta fi ƙarfinta takan warware ta saƙa wa Abba, abin da ya rage ya zama hular Ummi. Akwai wani jan ulu da ya bi jikin yaran nan uku duka. Takan ce, "Riga ce ke yin kaɗan, zaren yana nan."

Ba zan ce Yaya ba ta da faɗa ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya a kan mamaci. In tana ƙidaya kika yi mata magana, sai ta ɗaga miki yatsa ɗaya ba tare da ta dube ki ba. In kika sake, ranar kin shiga uku. "Kin ɓatar mini da lissafi, yanzu hannun rigar nan ɗaya zai fi ɗaya, ke za ki sa?" Amma da sanyin asuba ita ce ke bin yaran ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙirjinsu da bayan hannu. Ta ce yaro ba ya faɗin yana jin sanyi, sai dai ki ji shi a tari. Na taɓa ganin ta cire ɗankwalinta ta naɗe ƙafar Abba da shi saboda safarsa ba ta bushe ba, ta wuni da gefen zani a ka.

Abubuwa biyu na aikin saƙa suka jawo mata abin da ta sha a gidan nan. Na farko, mai saƙa tana ƙidayar ƙulli, kuma Yaya a hankali take yi, leɓenta kawai ke motsi. Na biyu, in zare ya ƙare za ta haɗa wani, ba ta son ƙulli mai tauri da zai ci fatar jariri. Sai ta tsefe bakin zaren biyu, ta jiƙa su da yawu, ta murza a tafin hannu har su zama ɗaya. Wannan shi ne abin da Gwaggo Talatu ta gani daga ƙofar ɗakinta: mace tana motsa baki, tana ƙulli, tana tofa yawu a kai.

Sai kuma aka yi rashin sa'a. Wata rana ina hutu a gidan, Malam Isa ya dawo daga gona, Yaya ta ce ya taimaka ya riƙe mata ulun da ta wanke ta naɗe shi. Ya zauna a kan turmi ya miƙa hannuwansa biyu, ta rataya masa zaren, tana naɗewa suna hira, Jidda tana yi masa dariya. Gwaggo ta fito da buta a hannu, ta tsaya cak.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Isa, abin har ya kai nan? Da rana tsaka, a gaban 'ya'yanka?"

Ya ce, "Yaya, zare ne fa."

"Na ga zare ne. Da me ake ɗaure mutum, da igiyar guga? Namiji da gemunsa yana goyon yaro, yana ɗebo wa mace ruwa, na ce ruwa ba ya... " Ta katse maganar ta nuna Yaya da buta. "Ke dai kin zo da abinku daga gida."

Yaya ba ta daina naɗi ba. Ta ce, "Gwaggo, da na iya ɗaure mutum, ai da bakinki zan fara."

Daga ranar maganar ta fita gari. Gwaggo ta bi gidan suna da gidan biki tana cewa matar ƙaninta tana tofi a ƙulli. Yaya ta saƙa wa jikan Gwaggo hula da safa ranar sunansa, da idona na ga hular a bakin masai. Matan da a da suke kawo mata ulu suna roƙon ta yi wa jariransu suka ɗauke ƙafa. Wata ta dawo da rigar da ɗanta ya sha sanyi biyu a ciki, ta ajiye a bakin zaure ta tafi ba sallama. Wannan matar na gan ta a zaman makoki tana share hawaye da gefen mayafi. Ta san kanta.

Na taɓa tambayar Yaya me ya sa ba za ta bari ba, ko don a zauna lafiya. Ta dube ni ta ce, "In na bari, bakinsu ne zai rufe wa Abba ƙirji?" Ta ci gaba da ƙidayarta. Amma na lura daga baya ta koma yi da ƙarfi, "ɗaya, biyu, uku, juya," don duk mai kunne ya ji. Gwaggo ta ce wannan ɓad da sawu ne.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a maza sun koma ƙofar gida, ina ɗakin Yaya ina jijjiga Ummi, Jidda ta shigo ta raɓe a jikina. Ta ce, "Anti, wai Ummanmu wuta za ta?"

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Gwaggo ta ce kayan da ta yi mana na asiri ne, in ba a ƙona ba za su bi mu."

Na fito da Ummi a kafaɗa. A tsakar gida, gaban matan da suka zo gaisuwa, Gwaggo ta tara kayan saƙar Yaya a babban kwano: huluna, safa, rigunan sanyi, da wata riga da ba ta ƙarasa ba, alluran suna soke a jiki. Ta riga ta jefa wasu a murhu, gidan ya cika da ƙaurin ulu. Ta kama Abba tana tuɓe masa jar rigarsa, kansa ya maƙale a wuyan rigar, yana ihu yana kiran Umma. Mata sun fi ashirin a wurin, tsofaffi da masu jego. Babu wadda ta tashi ta hana ta.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki bar masa."

Ta ce, "Ke 'yar boko, rufe mini baki. Jininku ɗaya. 'Ya'yan ƙanina nake tsarkakewa."

Ihun Abba ne ya shigo da Malam Isa. Mutum ne da tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya yi sallama, ya karɓi Abba daga hannunta, ya mayar masa da rigar, ya gyara masa wuya. Ya dubi murhu, ya dubi kwanon. Sannan ya ɗage babbar rigarsa. A ciki akwai wata 'yar shara ruwan toka, saƙar Yaya, duk ta sha jiki.

Ya ce, "Yaya, in ƙonawa za ki yi, ga wata nan. Sai dai ki haɗa da mai ita."

Gwaggo ta juya ga matan ta ce, "Kun gani ko? Tana kabari ma ba ta sake shi ba."

Malam Isa ya sunkuya ya ɗauko wani ulu da Yaya ta wanke ba ta kai ga naɗewa ba. Ya jawo turmi ya zauna a gaban kowa, ya rataya zaren a hannuwansa biyu, ya miƙo mini su. Ya ce, "Yagana, ba wa Jidda bakin zaren. Jidda, zo ki naɗe. Me Ummanku take cewa in tana yi?"

Jidda ta dube ni, ta dubi Gwaggo. Ta ce a hankali, "Ɗaya, biyu, uku, juya."

Ya ce, "Ban ji ba."

Ta sake faɗa da ƙarfi, Abba ya kama yana maimaitawa da tsamin bakinsa. Wasu matan suka sunkuyar da kai, wasu suka fara neman takalmansu. Gwaggo ta shige ɗaki ta saki labule. Har na bar gidan ba ta janye maganarta ba, kuma ba na sa ran za ta janye. Abin da ya shiga murhu ya tafi, har da hular farko da aka sa wa Jidda ranar da aka haife ta. Sauran Malam Isa ya kulle a akwatinsa. Rigar da ba a ƙarasa ba tana wurina, ta Ummi ce, saura hannu ɗaya. Ban iya kamar Yaya ba, amma zan ƙarasa kafin sanyi ya shigo.

Jidda, Abba, Ummi, in kun girma kun karanta wannan, ku sani uwarku tana sallah a kan lokaci, tana azumi, ba ta taɓa zuwa wurin boka ba. Abin da take faɗa a kan zare lissafi ne, yawun da take sawa kuma don kada ƙulli ya ci muku fata ne. Duk wanda ya gaya muku wani abu daban, ku tambaye shi ko shi ya taɓa tashi da asuba ya taɓa ƙirjinku.

Waɗanda suka ɗora mata abin da ba ta yi ba, ba ni da ikon yafe musu a madadinta, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ta huce ba. Akwai ranar da za su tsaya da ita a gaban Wanda ya ji abin da leɓenta ke faɗa.

Ya Allah ka jiƙan Falmata, ka gafarta mata kurakuranta, ka yafe mata zafin harshenta. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha da maganganun da ta haɗiye su zama kaffara. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ka ba Malam Isa haƙuri da ƙarfin riƙon marayun nan, ka ba iyayenmu dangana. Ka raya Jidda da Abba da Ummi a kan imani, ka sa su zama masu yi mata addu'a, ka tsare kunnuwansu daga mugun baki. Ka lulluɓe ta da rahamarka kamar yadda ta lulluɓe su. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.