Goran Tamba

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwarya a Argungu ya san Usmanu gyartai. Shekara arba'in yana gindin durumin bakin kasuwa da basillarsa da zarensa, yana ɗinke abin da ya tsage. Ba shi da yawan magana, amma fa akwai ji da kai a kan sana'a. In ya ce abu zai gyaru, to zai gyaru; in ya ce ya mutu, sai dai a kai murhu. Da roba ta cika gari, mata suka daina kawo ƙore, sai masunta kawai suka rage masa, masu manyan gorunan nan da ake kifa ciki a kansu a shiga gulbi.

Bara waccan wata malamar zane mai suna Nazifa ta zo daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, tana tara masu aikin hannu. So take a haɗu a mayar da wani babban zaure tamkar ƙarƙashin ruwa. Masaƙan Gulma za su rataye homa, wato ragar kamun kifi, a rufi, mata su zana ƙore, a huda goruna a sa musu ƙwan lantarki, haske ya watsu a bango kamar ɓawon kifi. Sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da zai shiga zauren, mai shi ya bayar da yardarsa.

"Baba, an ce kai ne gwanin garin nan," in ji ta. "Fitilar tsakiya taka ce, in za a sami gora mafi girma."

Gwani! Mutumin da tun yana saurayi ake kira da "kai, gyartai" daga tsallaken hanya. Wallahi kalmar nan ta shige shi.

Ya zaga gari bai sami goran da ya kwanta masa ba. Ana haka sai ga Tamba, masunci daga Gulma, abokinsa tun ƙuruciya, ɗauke da goran da ya gada wurin mahaifinsa. Ƙato ne, hannu biyu ba sa zagaye shi, ya yi ja don tsufa. Ya bugi dutse ya tsage a gefe, tsagar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Usmanu ya jujjuya shi, ya san aikin yini guda ne. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Tamba, wanga gora ya mutu."

Tamba ya shafa goran. "To, tunda kai ka faɗi. Bar shi nan, ba ni iya kai shi murhu da hannuna." Daga wannan rana, da jarka yake shiga ruwa.

Kwana tara Usmanu ya yi yana huda goran, huda ɗari-ɗari, ya fitar da siffar giwan ruwa da ganyen bado. Sai dai ga inda ya kwafsa: hannun da ya saba gyara ba ya iya ganin tsaga ya wuce. Kafin ya yi hudar farko, sai da ya ɗinke wurin tsaf ya shafe da ƙaro, bai ma kawo komai a ransa ba.

Ranar buɗewa, bayan la'asar, aka rufe tagogi aka kunna fitilu. Jama'a suka ɗauki salati. Nazifa ta kamo gefen rigar Usmanu ta kai shi tsakiya, ana ta tafi. Can ya hango Tamba, ashe ya biyo motar masaƙan garinsu. Usmanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tamba ya matso a hankali, ɗigon haske duk a fuskarsa. Ya ɗaga hannu ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa. Ko'ina a jikin goran haske na fita, ban da nan.

"Manu," ya ce wa Usmanu, ba tare da ya ɗaga murya ba, "ko haske bai wuce ta nan ba, balle ruwa."

Nazifa ta tambayi Tamba ko ya san goran. Ya ce nasa ne, kuma shi ya bayar. Wannan rufin asirin ya fi wa Usmanu zafi a kan mari, har aka tashi bai iya ɗaga kai ba.

Bayan mako biyu Tamba ya zo gindin durumi da ƙwaryar matarsa. Suka gaisa lafiya lau. Usmanu ya karɓa da sauri, ya ce ya je ya dawo da azahar.

"A'a," in ji Tamba. Ya shimfiɗa buhu ya zauna. "Ɗinka ina gani."