Takarda Huɗu da Aka Yanke Daga Littafina

Ban yi makaranta ba. Ko wannan labarin da baki na faɗe shi aka rubuta. Shi ya sa ban taɓa aika wa 'yata wasiƙa ba. Zane nake yi mata.

Shekara shida ina ɗaukar kaya a wani sito a Al Warsan da ke Dubai. Wata rana kwali ya fashe a cikin kwantena, kayan zanen 'yan makaranta ne. Mai sito ya ce a zubar da duk wanda ya lalace. Na tsinci akwatin fentin ruwa a shara, kala goma sha biyu da burushi ɗaya, da wani littafi mai takarda mai kauri wanda bangonsa ya yage.

Ba wanda ya koya mini. Zanen farko takardar ta jiƙe ta kumbura, ta zama abin ƙyama. Daga baya na gane ruwa kaɗan ake so. Cikin murfin gora ɗaya ya isa zane guda. Wannan ya yi mini daidai, don ni ba na wasa da ruwa. Kafin Dubai na bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ni da ƙanena. Motarmu ta mutu a hamada kwana huɗu. Ni na fito. Shi can na binne shi da hannuna.

'Yata tana ƙarama lokacin. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ta girma, ta kai shekara goma sha biyar, amma tambayarta ɗaya ba ta canja ba.

"Baba, a ina Baffa yake kwance? Yaya wurin yake?"

Ni kuwa sai in ce layi ba kyau, in kashe waya.

Duk ranar hutu nakan yi zane ɗaya. Ɗakinmu mai gado takwas. Silifa a bakin ƙofa. Butar shayin da ta yi baƙi. Jinin kuɗin cizo a bango. Motar da ke kwasarmu da asuba. Ina zana gaban takarda da bayanta, don littafin ɗaya ne ba ni da wani. Niyyata idan ya cika in aika mata, ta ga inda ubanta yake, ba ƙari ba ragi.

A gadon da ke saman nawa akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata. Sito ɗaya muke, kwali ɗaya muke ɗauka. Amma a garinmu manaja ake ce masa. Ranar hutu sai ya sa farar riga ya je ya jingina da motar wani a ɗauke shi hoto, ya tura gida. Ba shi kaɗai ba ne, rabin ɗakinmu haka suke yi. Na zana shi sau huɗu, yadda yake. Da kwali a kai. Yana barci a kan buhuna baki buɗe. Yana cin shinkafa a leda. Yana wanke farar rigar nan a bokiti. Ba don in ci mutuncinsa ba, yana cikin ranakuna ne kawai.

Da sanyi ya shigo ɗan'uwan nawa ya ce mini wasu 'yan ƙasarmu masu albashi da ke zaune a unguwar Al Nahda za su fita hamada su kwana a tanti. Ya manne musu, kuma suna neman mai gasa nama.

"Yaya, zo ka sha iska."

"Iskar hamada na sha ta ishe ni."

"Wannan daban ce, wallahi. Ta hutu ce."

Na tafi. Ba don shi ba. Saura mini fuskar takarda ɗaya fara a littafin, kuma na san abin da ya kamata ya hau kanta.

Mun isa da la'asar, mota uku. Kafin a kafa tanti suka sauke jarkoki biyu suka hau wanke motoci, wai ƙura ta ɓata su, hoto ba zai yi kyau ba. Ina tsaye da wuƙar nama a hannu ina kallon ruwan yana shiga yashi. Ruwan sha ne, mai sanyi. Da mun sami rabin jarka ɗaya, da ƙanena ya kai gari.

Wani mai tabarau ya dafa kafaɗata.

"Malam mai nama, saki jiki mana, habibi. Wannan ita ce rayuwa. Ka taɓa kwana a hamada kuwa?"

"Na taɓa."

"To ka ga ni! Ba daɗi?"

Na juya naman. Suka ci rabi, suka watsar da rabi. Suka hau tudu da mota suna ihu, ta kafe, suka yi dariya. Ɗan'uwana yana ta cewa yalla, yalla, kamar shi ya haifi Larabci.

Da safe bayan na yi salla na ɗauki littafin na zaga bayan wani tudun yashi inda ba na jin muryarsu. Na zuba ruwa a murfi. Shekara nawa hannuna yana ƙin wannan zanen, ranar sai ya yarda. Yashi ruwan ƙasa. Ɗan tudun da na tara da tafin hannu. Jarkar da ba komai a cikinta, wadda na kafa a wajen kan ƙanena. Takalminsa ƙafa ɗaya. Sama fara fat, ba tsuntsu. Fuskar da ta rage ɗin bayan takardar da na zana ɗan'uwana da kwali a kai ce. Ban kawo komai a raina ba.

Da na dawo na tarar da wurin ya zama juji. Leda, gorar ruwa, ƙashi, farantan roba, toka. Wani raƙumi ya zo yana tauna ledar da aka zuba nama a ciki, su kuwa suna ɗaukarsa a waya suna dariya. Na ajiye littafin a tabarma, na je na fizge ledar daga bakinsa, na ɗauki buhu na hau tsintar shara. Ba wanda ya sunkuya.

Ina cikin haka na ji mai tabarau ya ƙyalƙyale.

"Kai, manaja! Wannan ba kai ba ne? Wallahi har kunnen! Ashe kwali kake kulawa da shi da ka!"

Sun buɗe littafina suna miƙa wa juna. Na karɓe na sa a aljihu. Da muka koma ɗaki ɗan'uwana ya tare ni.

"Yaya, ka yage waɗannan."

"A'a."

"Gida fa za ka aika. Kowa zai gani."

"Ƙarya na zana?"

"Ba maganar ƙarya ba ce."

"To maganar mece ce?"

Ya hau gadonsa.

Bayan mako biyu hutunsa ya zo, zai je gida. Ya dawo yana mini fara'a kamar ba a yi ba, har da kawo mini shayi.

"Yaya, ba sallahu?"

A wurinmu idan za ka ba mutum sallahu, ba ka liƙe shi gam. Kana nuna masa abin da ke ciki, ka ɗaure sama-sama. Idan ka naɗe da gam ka ce masa ɓarawo ke nan, kuma ɗan'uwa ba ya manta wannan. Shi kuma ba ya taɓawa, amana ce. Haka na taso na gani. Na sa littafin a leda, na ɗaure da zare ɗauri ɗaya, na miƙa masa. Na ce hannun Uwata, ba hannun kowa ba. Ya ce insha Allahu. Na kira ta na ce amsar tambayarta tana tafe, tana cikin littafi.

Bayan kwana biyar ta kira ni ta bidiyo. Littafin yana kan cinyarta. Tana buɗawa tana dariya.

"Baba, wannan butar ai ta mutu, ku binne ta."

Ta kai ƙarshe. Ta koma farko. Ta sake kaiwa ƙarshe.

"Baba, ina na Baffan?"

Ta matso da littafin jikin waya. Gindin takarda huɗu ne a tsakiya, an yanke su da reza, yanka mai tsabta. Ɗan'uwana ya zauna ya natsu ya yi aikinsa.

Na kira shi. Ana hayaniya a bayansa, ana ce masa manaja sannu da zuwa.

"Ina takarduna?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Aure nake nema. In iyayenta suka ga—"

"Ina suke?"

"Na jefa a kwandon shara a filin jirgi."

"Ka duba bayansu?"

"Bayansu kuma?"

"Kabarin ɗan'uwanka ne a bayan ɗaya."

"Wallahi Yaya ban juya ba."

Na san bai juya ba. Fuskarsa kawai yake nema.

Na sayi wani littafin a kasuwar Al Ras. Ranar hutu uku ina gwada zanen nan. Yashi ne kawai ke fitowa, yashi irin na kowa. Na yage duka ukun. A ta huɗu na rufe akwatin fenti, na fita bayan sito inda ba kowa, na kira ta.

"Uwata, zauna."

Na faɗa mata. Motar, ƙishin, yadda ya daina magana rana ta uku, yadda na tona da hannu, jarkar, takalmin. Bai fi minti biyar ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ka yi masa salla?" Na ce na yi, da taimama. Ta ce to.

Ɗan'uwana ya dawo da aurensa a ɗaure. Yana nan a gadon sama, muna gaisawa. Har yanzu ina zane duk ranar hutu, amma gaban takarda kawai, kuma wannan littafin ni zan kai shi da hannuna. Idan na zana ɗakinmu ina sa mutum bakwai. Gadon da ke saman nawa fari nake barinsa.