Zobe a Ƙarfen Gado

Shekara biyu na yi ina jinyar wani tsohon Bature a Staten Island. Rediyonsa kullum yana kan tashar ɗaliban jami'a masu sa kiɗan rok. In suka sa tsohuwar waƙa, sai ya riƙa buga zobensa a ƙarfen gado. Da wannan nake sanin yana da rai in ina kicin. Sababbin waƙoƙi kuwa ya tsane su, shiru yake yi. Sai in ruga in leƙa shi, ina tsine wa yaran nan a zuci.

Wata Talata da hantsi suka sa wadda ya fi so. Na tsaya riƙe da albasa ina jiran zoben. Har waƙar ta ƙare ban ji shi ba, ban kuma iya ɗaga ƙafa ba.